Masu Ciwon Zuciya, a Riƙa Duba Musu Tayirod

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka mai albarka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon zuciya, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Sau da yawa mace takan zo mana kolestarol ya hau, ga kasala, ga jin sanyi, ga ƙiba ba dalili, fata duk ta bushe. An jima ana ba ta maganin rage kitsen jini, amma ba wanda ya taɓa duba mata tayirod, ƙwayar nan da ke gaban wuya, wadda idan ta kumbura muke cewa maƙoƙo. Alhali tana iya yin rauni ba tare da wuya ya kumbura ba.

Idan sinadarin da tayirod ke fitarwa ya yi ƙaranci, hanta takan gaza kwashe mugun kolestarol daga jini. Sai ya riƙa taruwa a bangon jijiyoyin da ke ciyar da zuciya, hanya tana tsukewa a hankali, hawan jini kuma yana biyo baya. Wani nazari da mujallar likitoci ta JAMA ta buga a 2010, kan mutum fiye da 55,000, ya nuna haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya ya fi yawa ga waɗanda gwajinsu na TSH (sinadarin da ke hawa a jini idan tayirod ta yi rauni) ya kai 10 ko ya wuce, ko da sauran gwajin tayirod ɗin ya fito daidai. Idan kuwa sinadarin yawa ya yi, zuciya ce za ta riƙa bugawa da sauri ba bisa ƙa'ida ba.

Gwajin TSH ɗibar jini ce kawai. Ina kira ga likitocinmu su haɗa shi da gwajin kolestarol, musamman ga mata masu shekaru.

Su kuma majinyata, don Allah kada wanda ya sayi levothyroxine, maganin ƙarancin sinadarin tayirod, ya sha da kansa. Ga mai toshewar jijiyar zuciya, cikakken awo tashi ɗaya yana iya tayar da ciwon ƙirji. Da ɗan kaɗan ake farawa, kamar maikirogiram 25, ana ƙarawa sannu a hankali ana sake gwaji. Masu shan amiodarone, maganin daidaita bugun zuciya, kuma su tuna wa likita a riƙa duba musu tayirod, domin maganin yana ɗauke da aidin mai yawa, wanda ke iya dagula aikin tayirod.

Wassalam,
Wata ma'aikaciyar jinya