A riƙa ba mu cikakken labarin mutanen Haiti

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili in yi ƙorafi kan yadda ake kawo mana labarin Haiti. In an ambaci ƙasar, ko girgizar ƙasa ta 2010 ce, ko kisan shugaba Jovenel Moïse a 2021, ko 'yan daba a Port-au-Prince, babban birnin ƙasar. Duk gaskiya ne. Sai dai wanda iyakar saninsa ke nan ba zai gane dalilin da ya sa ɗan Haiti mai tuƙa tasi a unguwar Brooklyn ta birnin New York yake rataye tutar ƙasarsa a gaban mota ba.

Mutanen nan jikokin bayi ne da suka fatattaki sojojin Napoleon, shugaban Faransa mai mulkin mallakarsu, a yaƙin Vertières a Nuwamban 1803, suka ayyana 'yancinsu ranar 1 ga Janairu, 1804, ƙarƙashin jagoransu Dessalines. Faransa ta rama a 1825, ta ɗora musu biyan faran miliyan 150, wai diyyar iyayen gijin da suka yi asarar bayi. Kuma a takardun gonakin wancan zamani akwai bayin da aka rubuta cewa Hausawa ne. Abin ya shafe mu.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne miyar kabewarsu, wadda suke kira jumu. Bayi ke dafa ta a da, amma a cewar kakanninsu, an hana su ko ɗanɗanawa. Tun samun 'yanci, kowace ranar 1 ga Janairu sai an ɗora tukunyarta. Yau a unguwar Little Haiti ta Miami, da Montreal, da Paris, uwa takan tashi da asuba ta dafa, ta aika wa maƙwabta, yaron da aka haifa a can ya ji tarihin kakanninsa a bakin murhu da harshen Kiriyol. Hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta sanya miyar cikin kayan gadon duniya a 2021.

Riƙon nan bai zo da sauƙi ba. A shekarun 1980 hukumomin lafiya na Amurka suka lissafa 'yan Haiti cikin masu haɗarin ɗaukar ƙanjamau, har yara suka riƙa ɓoye asalinsu a makaranta. Da aka hana su ba da jini, dubbansu suka cika gadar Brooklyn a Afrilun 1990, kuma kafin ƙarshen shekarar aka janye haramcin. A 2024 ma an yi musu ƙazafin cin karnuka da kyanwoyin mutane a Springfield ta jihar Ohio, hukumomin garin suka ce babu hujja.

Don Allah, ranar 18 ga Mayu, ranar tutarsu, ku nemo 'yan Haiti mazauna Miami ko Montreal su yi mana bayani da bakinsu, a fassara mana da Hausa.

Naku mai sauraro,
daga Damagaram