Wasiƙar godiya ga shagon gyaran agogo da kyamara na kusa da kasuwar Wunti, Bauchi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, na rubuta wannan wasiƙa a bainar jama'a ne domin godiyar da na yi muku a shago ba ta kai girman aikin da kuka yi mini ba, kuma domin na san akwai gidaje a Bauchi da ke da irin wannan kyamara a ƙasan akwati, masu ita sun fid da rai cewa za a samu mai iya gyara ta a garin nan. Kun ce kada in ambaci sunanku, na kuwa kiyaye, amma duk wanda ya tambayi masu agogo na wajen Wunti za a nuna masa wurinku.

Kyamarar da na kawo muku Yashica Mat-124G ce, mai ido biyu, wadda kamfanin Yashica na Japan ya riƙa ƙerawa daga 1970 zuwa 1986. Ta marigayi mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, da ita ya ci abinci shekaru da dama, yana ɗaukar hoton amare da ɗaliban makaranta da mahaya dawakai a hawan sallah. Idon sama na dubawa ne, idon ƙasa shi ke ɗaukar hoton, mai ɗauka kuma yana riƙe ta a ƙirji ne yana leƙawa ta sama, inda madubi ke juyo masa hoton a kan gilashi, dama ta koma hagu. Fim ɗinta mai lamba 120 ne, kowane naɗi yana ba da hoto 12 masu faɗin santimita 6 da tsawon santimita 6, kuma har yau Kodak da Ilford suna yin sa. Kayan gyaranta ne suka yi wuya, domin Kyocera da ya sayi Yashica a 1983 ya daina yin kyamara a 2005, saboda haka yawancin abin da ya lalace a jikinta sai dai a ciro daga wata matacciyar 'yar'uwarta.

Kafin in zo wurinku na sha wahalar da har yanzu idan na tuna raina yana ɓaci. Wani mai gyara ya juya ta a hannu yana dariya, ya ce in sayi waya mai kyau in huta. Wani ya taya ta da kuɗin da ba su kai na buhun gawayi ba, wai zai yi adon shago da ita. Waɗannan ma da sauƙi, tunda ba su taɓa cikinta ba. Wanda ya cuce ni shi ne wanda ya karɓe ta da fara'a, ya rantse cewa ya gyara irinta ba adadi, ya karɓi kafin alƙalami, sannan ya shiga ce mini in dawo gobe, har watanni suka shuɗe. Ranar da na matsa ya ba ni kayata, sai na tarar ya fesa mata man da ake fesa wa kwaɗon da ya yi tsatsa, ya cinye kawunan sukurori da sukurudireban da ba nasu ba, ya kuma cire madubin da ya dushe ya sa guntun madubin kwalliya da mai gilashi ya yanka masa. Bai nemi gafara ba, ya ma ce sauran kuɗinsa na nan a kaina.

Da wannan zuciya na shigo shagonku, ina jiran irin amsar da na saba ji. Ba ku yi maganar kuɗi ba sam. Kun shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, kuka sa tabaron nan na ido ɗaya da kuke duba agogo da shi, kuka daɗe kuna dubawa, sannan kuka ce, "Ɗana, zauna in nuna maka abin da aka yi mata, domin kada ka ɗauki maganata kawai." Kun nuna mini fallayen ƙarfen da ke buɗewa su rufe a cikin idon ƙasa, wato ƙofar haske, masu sirantaka kamar ɓawon albasa, kuka ce a bushe aka yi su su yi aiki, ɗigon mai ɗaya ya isa ya manne su, balle feshi. Kun kuma gano asalin ciwon, wanda ya riga ɓarnar mutumin can: an ɗana maɗaurin jinkiri, wanda mai hoto ke sawa idan yana son ya shiga hoton da kansa, alhali maɓallin fitila yana kan harafin M maimakon X, kuma a wannan kyamara hakan yana cije ƙofar hasken gaba ɗaya. Game da madubi kuka bayyana mini cewa na kyamara a fuskarsa ta gaba ake shafa abin da ke mayar da haske, na kwalliya kuwa a bayan gilashi yake, shi ya sa hoton ke fitowa biyu-biyu kuma saitin nisa ke kaucewa. A cikin duk masu gyaran da na zagaya babu wanda ya ga na cancanci a yi mini bayani sai ku.

Dole in tsaya a kan yaron shagonku, domin shi ya ɗauki nauyin neman kayan gyara, kuma ya yi shi kamar kyamarar gidansu ce. Haƙoran ƙarfen da ke cikin hannun juya fim sun cinye, sukurori sun lalace, ga soson da ke toshe haske a bakin murfin baya ya narke ya zama danƙo. Ya bi tsofaffin masu hoto ɗaya bayan ɗaya ta waya, daga nan Bauchi har Jos da Kano, har ya samo wata irinta a Jos wadda fumfuna ta cinye idanunta amma ƙarafanta lafiya lau. Kafin ya biya ko sisi sai da ya turo mini hotunanta ta WhatsApp, ya gaya mini farashin da mai ita ya faɗa, ya kuma haɗa ni da mutumin mu yi magana baki da baki domin in tabbatar bai ɗora komai a kai ba. Madubin kuwa ta intanet ya yi odarsa daga ƙasar waje, yankakke daidai da wurinsa, kuma da kayan suka makara a hanya shi ya riƙa kirana yana cewa, "Yaya, ka ƙara haƙuri, bai iso ba tukuna," tun kafin ni in kira in tambaya. Wanda ya taɓa bin mai gyara yana kashe masa waya zai gane darajar wannan kira.

Wanke ƙofar haske da sauya soso da sa sabon giris a inda ya dace duk an yi su yadda ya kamata, kuma baduku ya yanka fatar akuya mai laushi aka maye wadda ta ɓare a gaba. Abin da ya fi burge ni shi ne daidaita idanun biyu, aikin da mai gaggawa zai tsallake domin mai kaya ba zai gane ba sai bayan ya ɓata fim. Kun buɗe bayan kyamarar, kuka sa ta a kan harafin B domin ƙofar haske ta tsaya a buɗe, kuka ɗora gilashi mai dishi-dishi a daidai inda fim ke kwanciya, kuka auna wata hasumiya daga nesa, kuna ta gyara idon sama har abin da yake nunawa ya zo ɗaya da abin da idon ƙasa ke gani. Naɗin farko da na aika Legas aka wanke ya dawo da hoto 12 cif, babu wanda ya hau kan wani, babu zirin haske a gefe, kuma fuskar mahaifiyata ta fito tas.

Kun kuma faɗa mini gaskiya a kan abin da ba zai gyaru ba. Ma'aunin hasken kyamarar an yi shi ne don batir mai sinadarin makuri na bolt 1.35, wanda aka daina yi, kuka ba ni shawarar in yi amfani da ƙaramin batirin na'urar masu ƙarancin ji, tare da gargaɗin cewa ba ya daɗewa. Wani ɗan tabon fumfuna da ya ci gefen gilashi kuka ce ba zai fita ba kuma ba zai ɓata hoto ba, don haka kada in bari wani ya karɓi kuɗina a kansa. Kun hana ni ajiye ta a cikin jakar fatarta da damina saboda danshi, kun hana ni goge idonta da bakin riga da hunturu saboda ƙura tana karce gilashi. A ƙarshe kuka ba ni rasit, kuka haɗa mini duk tsofaffin kayan da aka cire, har da guntun madubin nan, a cikin ambulan.

Abin da ke damuna, Baba, shi ne yadda waɗannan abubuwa suka zama abin mamaki a wurinmu. Mai gyaran waya, bakanike, mai gyaran firiji, da yawansu sun mayar da kayan mutane abin koyon hannu, ga cire mai kyau a sa maras kyau, ga alkawarin gobe da ba ya cika, kuma da wuya ka ji ɗayansu ya ce wannan aiki ya fi ƙarfinsa, a kai wa wane. Idan ka nemi a ba ka abin da aka cire daga cikin kayanka sai a ɗauke ka mai zargi, idan ka nemi rasit a ce ka cika boko. Matasa kuma suna buɗe shago bayan 'yan watanni na koyo, alhali tsofaffin gwanaye irinku suna zaune da yaro ɗaya tak. Ina roƙon ku, idan lafiya ta bari, ku ƙara ɗaukar yara biyu ko uku, ni kuma na yi alkawarin kawo ɗan ƙanena idan kun amince.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana, ya yi wa yaronku albarka.

Naku,
Ɗan wani tsohon mai hoto, unguwar Jahun, Bauchi