Babana, ka tuna Yadakunya

Babana,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, sai godiya. Ƙafar babanku ta yi sauƙi, har ya fara leƙa gona, ko da yake na hana shi taɓa galma. Ruwa ya zauna bana, dawa ta yi kyau.

Yayarka ta faɗa mini komai. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata, don tun watan jiya na ji muryarka ta canza. Na san kuɗin hayar da ta tura maka, naira dubu 180, cacar ƙwallo ta waya ta cinye su, kuma sau biyu kana yi mata ƙarya. Wannan ya yi mini ciwo. Amma abin da ya hana ni barci shi ne cewar da ka yi wata huɗu ke nan ba ka taka ƙofar majami'a ba, wai ba ka da fuskar da za ka tsaya da ita gaban Allah. A waya kuka zai ci ƙarfina, shi ya sa na ɗauki biro.

Sunan mahaifina ka ci, shi ya sa bakina bai taɓa kiran sunanka ba. Ka san shi a hoto kawai, tsoho mai farar hula da hannuwa a cikin riga. Ba sanyi yake ji ba, Babana. Yatsu uku ne suka rage masa a hannun dama, na hagu kuwa dungu ne.

Bamaguje ne daga ƙasar Ƙaraye. Yana saurayi, bai daɗe da aure ba, tabo ya fito masa a baya, aka ce kuturta ce. Iyayen amarya suka zo suka ɗauke 'yarsu. Aka yi masa bukka a bayan gida, aka ware masa ƙwarya da akushi, ana tura masa tuwo da sanda. Da abin ya ishe shi ya kama hanyar Kano yana bara. A can wani ya ba shi labarin Yadakunya, sansanin kutare da ke bayan birni, wanda 'yan mishan na ƙungiyar SIM (Sudan Interior Mission) suka karɓi riƙonsa a 1937, kamar yadda suka karɓi Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato. Da bakinsa ya sha gaya mana cewa ba Allah ya je nema ba. Tuwo ya je nema, da allura.

Allurar zamanin ta man wani itace ce da ake kawowa daga Indiya, mai zafin tsiya, wurin ya kumbura ya yi kwanaki. Ƙwayar magani sai wajen 1950 ta fara samuwa. Yau kuwa kyauta ake bayarwa, wata shida zuwa shekara mutum ya warke da yatsunsa goma. In na tuna haka nakan yi shiru.

Ga wurin da nake so ka saurara. Bayan ya yi kamar shekara a can, ya gaji da allura, ya saci barguna biyu ya sayar, ya gudu birni ya koma bara. Ya sha giya da kuɗin. Wata biyar yana yawo har gyambon ƙafarsa ya ruɓe, ƙudaje na bin sa, 'yan uwansa mabarata ma suna matsawa. Da ya ga mutuwa ƙiri-ƙiri ya ja jiki ya koma, ya zauna nesa da ƙofa yana jiran a kore shi. Malamin asibitin da ke wanke musu miki ya fito, ya gan shi, ya ce, "Ka dawo? Miƙo ƙafar in gani." Ya durƙusa ya wanke ta da hannunsa. Maganar barguna sai bayan sati biyu aka yi ta, kuma ya biya, da aikin lambu.

Baba ya ce duk wa'azin da ya ji a shekarar farko ta bayan kunnensa ya bi. Ranar nan ce ya gane. Yakan ce sunan wurin ma wa'azi ne: ya da kunya, wato jefar da kunya. A nan ya koyi karatun boko, da Littafi Mai Tsarki na Hausa wanda aka buga a 1932, yana buɗe shafi da gefen dungunsa. A nan aka yi masa baftisma, a nan ya sadu da kakarka. Da malamin nan ya kore shi, da babu ni, babu kai.

Ka san littafin bikina, wanda ke cikin akwatin ƙarfe. Duk matar da ta kawo mini gudummawa ranar auren yayarka na rubuta sunanta da abin da ta kawo, don ranar nata bikin in mayar, har in ɗora. Wadda ta kasa mayarwa takan daina zuwa taro, ta riƙa sauya hanya in ta hango mai binta. Ina ganin haka ka ɗauki Allah. Kana tsammani yana da littafi irin nawa, ya duba ya ga ba ka mayar ba, shi ya sa kake sauya hanya. To, yaushe ka taɓa mayarwa? Lokacin da kake jagoran mawaƙan matasa, kana azumi, ana yabonka, kana tsammani a lokacin kun yi daidai da shi? Ko ni da na yi shekara 30 a Zumuntar Mata ban rage ko ƙwandala daga abin da ya yi mini ba. Hausawa na cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, wato ka yi domin zai dawo maka. Gaskiya ne tsakanin mutane. Na Allah ya sha bamban, domin ya yi wa waɗanda ya san ba su da abin mayarwa. Manzo Bulus ya gaya wa Romawa cewa tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Bai jira mun yi wanka ba.

Kakanka yana son labarin kutare goma da ke cikin Luka sura 17, ka san dalili. Masu wa'azi sukan tsaya a kan guda ɗayan da ya dawo godiya, Basamariyen nan. Shi kuwa taran nan ne ke ba shi mamaki. Yakan ce, "Ku duba, Yesu bai karɓe warkarwarsu ba. Sun tafi ba ko na gode, kuma fatarsu ta zauna lafiya." Sai ya girgiza kai ya ce wanda ya yi maka irin wannan, ina za ka je ka bar shi?

Abin da ya riƙe shi ke nan, kuma ba a kan tabarma mai laushi ya yi bangaskiyarsa ba. Danginsa sun ce ya bar tsafin gida, sun hana shi gonar gado. A kasuwa ba a karɓar kuɗi daga hannunsa sai ya ajiye a ƙasa. Abin kunya, har a cikin ikkilisiya akwai waɗanda ba sa son zama kusa da shi ranar Jibin Ubangiji, shekaru bayan likita ya sallame shi. Ina yarinya na tambaye shi me ya sa bai yi fushi ya daina zuwa ba. Ya ce ba su ne suka kira shi ba.

Kada ka ji wannan ka ce Mama ta ce ba komai. Akwai komai. Bulus ɗin nan da ya kira kansa mafi ƙanƙanta cikin manzanni, don ya tsananta wa ikkilisiya, shi ne ya ce alherin da aka yi masa bai zama banza ba, ya fi su duka aiki, sannan ya ƙara da cewa ba shi ba ne, alherin Allah ne da ke tare da shi. Ka ga yadda abin ya jeru: alheri a gaba, aiki na biye. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, amma a bakin tekun Galili sai da Yesu ya ba shi gurasa da gasasshen kifi ya ci, kafin ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa, sannan ya damƙa masa kiwon tumaki. An wanke wa kakanka ƙafa tukuna, daga baya ya biya barguna.

Saboda haka ga naka bargunan. Ka cire abin cacar nan daga wayarka yau, ba gobe ba. Ka kira yayarka ka ba ta haƙuri ba tare da kwana-kwana ba, ku shirya yadda za ka riƙa biyanta, ko dubu 10 ne a wata. Da guminta ta samu, dare take kwana a wurin aiki. Ka sami fasto ko wani dattijo da ka yarda da shi ka faɗa masa gaskiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In sun ce ka sauka daga mawaƙa na ɗan lokaci, ka sauka, ba mutuwa ba ce. Ranar Lahadi kuma ka je sujada. Ka zauna a bencin baya in ka ga dama, ko waƙa ta ƙi fita ka zauna.

Babanku bai sani ba tukuna. Ba zan ɓoye masa har abada ba, amma na fi so ya ji daga bakinka in ka zo Kirsimeti. Zai yi faɗa, ka san halinsa, kuma shi ne zai fara tambaya ko ka ci abinci.

Na ba direban motar Asabar ƙullin kuka da daddawa da yajin da kake so. A ƙasan jakar akwai Littafin kakanka, na naɗe shi da zane. Ka bi shi a hankali, bangon ya saki. In ka buɗe Luka za ka ga gefen shafin ya yi baƙi, wurin da yake dannawa.

Ka kira ni in kayan sun iso.

Mamanka