Haddar amsoshin jarrabawa ba ta isa ta sanar da ɗalibi haƙƙinsa ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon a ba ni fili in yi tsokaci kan yadda ake koyar da tsarin mulki da haƙƙin ɗan ƙasa a makarantun sakandaren Amurka, kasancewar a nan nake zaune kuma 'yata tana ajin ƙarshe.

Tun daga 2015, lokacin da jihar Arizona ta kafa dokar da ta wajabta wa ɗalibai cin irin jarrabawar da ake yi wa baƙi masu neman zama 'yan ƙasa, jihohi da dama sun bi sahunta. Yawancin tambayoyin na hadda ne: sanatoci 100, 'yan majalisar wakilai 435, kundin tsarin mulki an rubuta shi a 1787. Ban raina wannan sani ba, sai dai yaro na iya haddace shi tsaf alhali bai san abin da zai yi ba ranar da aka taka masa haƙƙi.

Abin da ya buɗe wa 'yata ido shari'a ce guda ɗaya da malaminsu ya kawo aji. A Disambar 1965, wasu ɗalibai a birnin Des Moines na jihar Iowa, ciki har da Mary Beth Tinker mai shekara 13, suka ɗaura baƙin ƙyalle a damtse domin nuna adawa da yaƙin Vietnam, makaranta kuwa ta dakatar da su. Magana ta kai Kotun Ƙoli, inda a 1969 alƙalai bakwai cikin tara suka yanke cewa ɗalibi ba ya ajiye 'yancinsa na faɗin albarkacin baki a ƙofar makaranta, muddin bai hargitsa karatu ba. Malamin ya raba ajin gida biyu, wasu suka kare hukumar makaranta, wasu suka kare ɗaliban. A daren nan yarinyar ta zauna da kanta ta karanta gyaran farko na kundin tsarin mulki, wanda ya kare 'yancin faɗin albarkacin baki, har ta nuna mini cewa shi ne kuma ya kare 'yancin addini, abin da ya shafe ta kai tsaye a matsayinta na mai sanya hijabi.

Tun gyaran da aka yi wa kundin a 1971 ɗan shekara 18 ke jefa ƙuri'a a ƙasar nan, wato wasu ɗaliban suna zaɓe tun ba su bar sakandare ba. Don haka nake kira ga iyaye 'yan'uwana mazauna Amurka su riƙa halartar zaman hukumar makarantun gundumarsu, su nemi a ware lokaci na nazarin shari'o'i da muhawara a cikin wannan darasi.

Wassalam,
Wani mahaifi mazaunin Amurka