A kai wa 'yan sandan ƙauye darasi ta tauraron ɗan Adam

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarmu mai farin jini.

Shekara 35 na yi cikin kaki, na ajiye aiki ina sufeto, kuma yawancinsu a caji ofis na ƙauye. Na taɓa yin shekara tara ban zauna a aji ba. Idan takardar kwas ta zo, mutum ɗaya ake turawa Kaduna ko Jos, shi ma sai an kai ruwa rana, domin mu bakwai ne. In ɗaya ya tafi, wani zai kwana biyu a jere a bakin kanta.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda jihohi suka bi sahunta, ta yi tanadin ɗaukar bayanin wanda ake tuhuma a gaban lauyansa, da naɗar ikirarinsa a bidiyo. Wallahi a bakin wani lauya na fara jin haka, ina tsaye gaban alƙali, gumi na keto mini. Har yau abin yana ci mini rai.

Da a ce akwai allo da kyamara a ofishinmu, malami guda a kwalejin 'yan sanda ta Wudil zai koyar da mu wannan cikin awa biyu, muna kallonsa, kofur ya ɗaga hannu ya yi tambaya a ba shi amsa nan take. Kwamishina ma zai gana da DPO-DPO ɗinsa ba tare da sun bi hanyar da 'yan bindiga ke tarewa ba.

Na ce tauraro ne saboda sabis ɗin waya ba abin dogaro ba ne. A watan Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara, jami'an ƙauye sun koma ga oba-oba. Shi kuwa farantin tauraro sama yake kallo, ba ruwansa da turken kamfani. Ƙasarmu tana da tauraron sadarwa na NigComSat-1R tun 2011, Starlink mai ba da intanet ta tauraro ma ya shigo a 2023.

Roƙona ga Sufeto Janar, duk inda za a kafa na'urar a haɗa da sola da batir, a kuma koya wa yaro ɗaya a ofishin yadda ake gyara ta. Na ga janareta sabo fil ya shekara a kulle don babu kuɗin mai. A fara da ofisoshin da suka fi nisa da hedikwata.

Daga wani sufeto mai ritaya,
Gusau.