Amsa ga ɗan'uwan da ya biya rabin kuɗin fili a Gadarif ta Sudan ba takarda

Assalamu alaikum ƙanena,

Tambayar da ka jefo min a gaban jama'a ranar walima ba ta amsuwa a tsaitsaye, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya gani tunda ba kai kaɗai abin ya shafa ba. Ka ce kun yi cinikin fili da baki gaban dillali da mutum biyu, ka tura rabin kuɗi ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum, yanzu mai fili ya ga mutanen Khartoum da Madani sun cika gari tun da yaƙin 2023 ya koro su, ƙasa ta yi tsada, wai zai mayar maka da kuɗinka ya sayar wa wani. Kana so ka san haƙƙinka.

A fiƙihu dai ciniki ya faɗa. Wajen Malikiyya da an ce na sayar an ce na saya, an san filin an san farashi, shikenan, ragowar kuɗin bashi ne a wuyanka, kuma ba shi da ikon warware ciniki shi kaɗai sai in kai ma ka yarda. Kada ya ruɗe ka da cewa arbun ka bayar. Arbun shi ne kafin alƙalamin da mai kaya zai cinye in mai saye ya fasa, Imam Malik ma bai yarda da shi ba, Hanabila ne suka halatta, kai kuwa ba ka fasa ba, shi ne ya ga riba ya canza magana.

Amma kotu fa wata duniya ce daban, nan ne zan ɓata maka rai. Dokar Mu'amalat ta Sudan ta 1984 ta sharɗanta rubutu wajen sayar da filin da yake mallakar mutum, wanda asalinsa na gwamnati ne kuma sai an yi rajista, to alƙali zai iya yarda ɗari bisa ɗari cewa kun yi magana amma duk da haka ya ƙi ba ka filin, ya ce a dawo maka da kuɗinka. Kuɗin kuwa ka san yadda fam ɗin Sudan ya zube, abin da ya sayi rabin fili lokacin da ka tura yau da ƙyar ya ja katanga. Shi mai filin ya san haka sarai, shi ya sa yake saurin cewa zo ka karɓa. Kar ka karɓa tukuna, domin da ka sa hannu ka amsa za a ce ka yarda an warware.

Akwai ma abin da ban ji ka faɗa ba, filin wane iri ne? Milk hur ne (cikakkiyar mallaka), hikir ne (haya daga gwamnati), ko hiyaza ce kawai (riƙo ba rajista)? Tun dokar 1970 ƙasar da ba ta da rajista ta koma hannun gwamnati, yawancin abin da mutanenmu ke sayarwa a bayan gari hiyaza ce, zama ne aka sayar maka ba ƙasar ba. Ka je ofishin rajistar filaye ka ciro shahadat bahas, wato takardar binciken rajista, ka ga sunan wa ke kai, wani lokacin ma gado ne da ba a raba ba, ɗan'uwa ɗaya ya yi gaban kansa.

Ni a ganina judiyya, wato sulhun dattawa, ta fi maka kotu a wannan magana. Ka adana ish'ar ɗin Bankak, wato shaidar tura kuɗin, ka je wajen shaidun nan biyu tun ba a riga ka ba (dillalin kam kar ka dogara da shi, sabon ciniki sabon la'ada ne a wajensa), sannan ka tara dattawan unguwa da liman ka zo da ragowar kuɗin a hannu, don a ga kai ba ka gaza ba. Ko da za su ce ka ɗan ƙara masa wani abu saboda faɗuwar fam, ka daure ka ƙara, ya fi ka rasa filin. In ya amince, ranar nan ku wuce wajen lauya a rubuta a buga hatimi, kar a ce sai gobe. Kafin nan kar ka zuba bulo ko ɗaya a wajen.

Wassalam, yayanka.