Shekara takwas ina durƙusa saboda ɗana, yanzu bakina ya bushe

Zuwa ga Baba Fasto, mai amsa wasiƙun masu sauraro.

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, da Mama da yara, da aikin Ubangiji. Ba na barin shirinka ya wuce ni ranar Lahadi da yamma. Sau uku ina fara wannan wasiƙa ina yagewa, yau dai na ce ko ta halin ƙaƙa sai ta iso hannunka.

Ni malamar firamare ce a nan Gombe, shekaruna 55. Asalinmu Kaltungo, amma a nan muka yi aure, Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu. Maganar ta na farin ce, ka gafarce ni ba zan kama sunansa ba. Na haife shi a 1996, shekarar da aka cire Gombe daga Bauchi aka ba mu jiha. Yaro ne da kowace uwa a unguwa take nuna wa ɗanta. Shi ke kaɗa ganga wa mawaƙa a sujadar Hausa, a Makarantar Lahadi kuwa ba a taɓa kada shi a haddar ayoyi ba. Yana ɗan shekara 15 aka yi masa baftisma.

A 2017, yana aji biyu a babbar makaranta, na fara tsintar kwalaben maganin tari a bayan ɗakinsa. Da gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a watan Mayun 2018, Baba, rawa na yi a tsakar gida, na ce ga amsar addu'ata ta zo. Ashe ƙwayoyi zai koma, tiramol da wiwi da wasu da ban san sunansu ba. A 2019 aka sallamo shi daga makaranta. Keken ɗinkina ya tafi, janareton babansa ya tafi, wayar ƙanwarsa ta tafi. Sau biyu muna zuwa belinsa. Duk daren da aka ce 'yan Kalare sun yi sara a wata unguwa, zaune nake kwana har sai na ji motsin ƙofarsa.

Tun daga lokacin ban fasa tashi ƙarfe huɗu na asuba ba. Kowace Laraba ina azumi har shida na yamma. 'Yan'uwana na Zumuntar Mata sun sha zuwa gidan nan da waƙa da addu'a, Allah ya sāka musu. Littafi Mai Tsarki na marigayiya mahaifiyata, tsohon juyin nan na 1932, shi nake buɗewa, har wasu shafuffukan Zabura sun yi laushi saboda hawaye.

A 2022 aka yi taron farkarwa a ikilisiyarmu, yaron nan ya fito gaba da kansa, ya durƙusa yana kuka kamar jariri. Wata huɗu cur bai taɓa komai ba. Ya yi ƙiba, ya koma kan gangarsa. Na tsaya gaban jama'a na ba da shaida, na kai buhun masara baikon godiya. Ranar jajiberin Kirsimeti aka kawo mini shi a Keke Napep bai san inda kansa yake ba. Abin da ya karye a cikina daren nan har yau bai ɗoru ba.

Na san abin da ake faɗa wa irina, ni ma na sha faɗa wa wasu. Ibrahim yana da shekara 75 ya bar Haran da alkawari, sai da ya kai 100 aka haifi Ishaku. Hannatu ta yi ta hawa Shilo shekara bayan shekara. Gwauruwar Luka 18 ta dami alƙali har ya gaji ya biya mata haƙƙinta. Wani baƙon mai wa'azi ya taɓa ba mu labarin Monika, wata uwa a Arewacin Afirka, yankin da yake Aljeriya a yau, wadda ta yi shekaru tana yi wa ɗanta Agustin kuka a gaban Allah, har aka yi masa baftisma a birnin Milan a shekara ta 387, ya zama babban malamin ikilisiya. Ya ƙara da cewa a shekarar nan ta rasu. Jama'a suna ta amin, ni kuwa ina zaune ina tuna hawan jinin da likita ya ce ina da shi, ina tambayar kaina ko ni zan kai ganin nawa.

Yanzu mutum uku ke jan hannuna, kowa da inda ya nufa.

Baban yara ya ce ya gaji. In an wuce Ista yaron bai canja ba, zai fitar masa da kayansa waje. Hujjarsa ita ce uban ɓataccen ɗa na Luka 15 bai bi shi ƙasa mai nisa ba, ya bar shi sai da yunwa ta kai shi ga abincin aladu, sannan hankalinsa ya komo. Ya ce tuwon da nake ajiye masa kowane dare shi ke hana shi tuba. Ban ce ƙarya yake yi ba, amma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

'Yata ta biyu ma'aikaciyar jinya ce. Ita kuma ta ce, Mama, wannan ciwo ne, jikinsa ya riga ya saba, in ya daina rana ɗaya sai rawar jiki da zufa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su mayar da shi, shi ya sa niyya kaɗai ba ta riƙe shi. Tana so a kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, ta ce ko hukumar NDLEA ma tana da sashen ba da shawara da gyaran masu shaye-shaye, ba kame kaɗai take yi ba.

Na ukun ina jin kunyar rubuta shi. Wata maƙwabciya ta kai ni wurin wani da ake kira annabi a bayan gari. Ya ce la'ana ce daga dangin uba, sai na shuka iri na naira dubu 150 kafin ta karye. Na ba shi dubu 40 daga adashina, ya ba ni kwalbar mai in riƙa shafa wa ƙofar yaron. Maigidana bai sani ba har yau. Ban koma ba, amma wata maganarsa ta maƙale mini: wai ranar da na kai yaron asibiti, na nuna wa Allah ban gaskata shi ba, duk addu'ar shekara takwas ta zube ƙasa.

Baba, na zauna da Luka 15 ɗin nan na karanta ta daga farko har ƙarshe, ba sau ɗaya ba. Gaskiya ne uban ya jira a gida. Amma a surar nan ɗaya makiyayi ya bar tumaki 99 ya bi ɗaya har ya same ta, ya saɓo ta a kafaɗa. Macen da kuɗinta ya ɓace ita ma ba ta naɗe hannu ba, fitila ta kunna ta ɗauki tsintsiya. A labarin Li'azaru na Baitanya kuma, Yesu ya ƙara kwana biyu a inda yake bayan ya ji Li'azaru ba shi da lafiya, ya iso mutum ya kwana huɗu a kabari, amma mutane ya sa suka kawar da dutsen, su ya sa suka kwance likkafanin. To ni wace ce a ciki? Yaya uwa za ta gane jiran da yake bangaskiya, da jiran da yake tsoro ne kawai ko gajiya? Na ji tsoron kada in ce ina jiran lokacin Allah, alhali dutsen da aka ce in kawar nake zaune a kai.

Abin da ya fi duka ci mini rai shi ne addu'ar kanta. Har yanzu ina tashi ƙarfe huɗu, amma in na durƙusa sai in ce "Ya Uba", shi ke nan, bakina ya bushe. Wani lokaci barci ya kwashe ni a kan gwiwa. Zabura 13 kaɗai nake iya bi, inda Dawuda ya tambayi Allah har yaushe, sau huɗu. Akwai kuma wani dare cikin watan jiya da yaron ya kwana biyu bai dawo ba, na ji zuciyata tana cewa da ma kada ya dawo in huta. Ni da na ɗauki cikinsa wata tara! Tun daga ranar ban iya miƙa hannu na karɓi Jibin Ubangiji ba. Na san Romawa 8 ta ce Ruhu yana roƙo dominmu sa'ad da ba mu san abin da za mu roƙa ba. Na sani a kai, ina so wani ya gaya mini ko ya haɗa da uwa irina.

Don Allah ka amsa mini a fili, yadda Baban yara ma zai ji, don tare muke sauraronka. Kai shi asibiti rashin bangaskiya ne? Korarsa daga gida horo ne ko yarwa? Kuɗin nan da na kai wa mutumin nan, in faɗa wa maigidana? Kuma wannan durƙuson da babu magana a cikinsa, Allah yana lissafa shi addu'a, ko in tashi har sai na sami abin faɗa?

'Yata ta samo mana ranar ganin likita a ƙarshen watan nan, ban ce mata i ba, ban ce a'a ba. Ina roƙo ka karanta wasiƙar kafin lokacin. Yanzu da nake rubutu yana kwance a ɗakinsa, ƙarfe biyu na dare ya shigo. Ya ci tuwon da na rufe masa, ya wanke kwanon ya kife, abin da ya daɗe bai yi ba.

'Yarka cikin Ubangiji,
wata uwa daga Tumfure, Gombe.